Dutsen da Muka Samu a Zabirar Kakana

 A makon nan ina so mu tattauna a kan wani abu da kusan kowane gida a karkara yake da shi, amma ba a cika tsayawa a dube shi ba. Ina nufin mawashi, wato dutsen da ake wasa ƙarfe a kansa. A wajenmu, ƙasar Dawakin Tofa, za ka tarar da shi a gindin bishiyar ƙofar gida, ko a bakin rijiya, ko a jingine da rumbu. Idan damina ta ƙarato, a kansa ake wasa fartanya da gatari. Idan kaka ta yi, sai a koma kan lauje da magirbi. Ranar jajiberin Babbar Sallah kuwa, duk inda ka gilma ƙarar wasa wuƙa kake ji. Buhunan gero da dawa da ake lodawa a manyan motoci a kasuwar Dawanau, da yawansu da ƙarfen da ya bi ta kan irin wannan dutse aka girbe su.

To amma wane irin dutse ne na gidanku? Daga ina aka ɗauko shi? Me ya sa dutse yake cin ƙarfe, alhali da ƙarfe ake fasa dutse? Wata matsala ce da ta taso a gidanmu ta sa na nemi amsar waɗannan tambayoyi, kuma hanyar da na bi kowannenku zai iya bin ta da kayan da ke kusa da shi.

Kakana na wajen uba wanzami ne. Ya daɗe yana yawo da zabirarsa ƙauye-ƙauye, yana aski, yana ƙaho, ranar suna kuma shi ake kira ya aske jariri. Ya rasu ina aji biyu na babbar sakandare, Allah Ya jiƙansa. Bayan an share makoki aka buɗe zabirar a gaban iyayenmu. Aka fito da asake da ƙahoni da guntuwar fatar da yake goga aska a kanta. A can ƙasa kuma sai ga wani dutse a naɗe cikin tsumma. Tsawonsa bai cika taƙi ɗaya ba, faɗinsa kamar yatsu uku. Launinsa toka-toka ne mai ɗan ratsin kore, jikinsa sumul, fuska ɗaya ta lotsa a tsakiya saboda yawan guga. Bai yi kama da kowane dutse da muka saba gani a gonakinmu ba.

Nan take ra'ayi ya rabu. Wani yayanmu da ke zaune a birni ya ce dutsen kanti ne, irin wanda ake sayarwa a shagunan kayan gini. Baffana, ƙanin mahaifina, ya ce gatarin aradu ne, shi ya sa tsoho ya ɓoye shi a ƙasan zabira. Maganar ta fita waje. Ba a yi mako ba sai ga wani mutum mai yawon sayen tsofaffin kaya ya yi sallama, ya ce idan gatarin aradu ne zai ba da kuɗin da za su sayi buhun taki guda. Lokacin kuwa an fara ganin hadari a gabas, Baffa bai sayi taki ba, kuma yana da iyali da yawa. Mahaifina ya ce shi bai hana a sayar ba, amma idan aka karɓi kuɗin mutum da sunan gatarin aradu alhali ba shi ba ne, an ci haƙƙinsa.

Kaka, matar marigayin, ita ce ta raba gardamar. Ta karɓi dutsen ta miƙo mini ta ce, "Kai maigida, ba kai ne ɗan boko ba? To ga aiki ya same ka. Ka je ka binciko mini ko mene ne wannan kafin mutumin nan ya dawo. Mako ɗaya na ba ka."

Washegari na kai wa malaminmu na labarin ƙasa. Ya jujjuya shi a hannu, ya yi murmushi, amma ya ƙi faɗa mini sunansa. Ya ce, "Idan na gaya maka, ka san dutse ɗaya ke nan. Idan ka gano da kanka, ka iya gane ɗari." Sai ya rubuta mini tambayoyi uku a bayan littafina: ƙirar mutum ne ko halitta? Da me aka gina jikinsa? A ina ake samun irinsa? Ya kuma gargaɗe ni da cewa duk gwajin da zan yi in yi shi a gefe ko a bayan dutsen, kada in ɓata fuskar da tsoho ya yi shekaru yana gyarawa.

Na fara da ido. Na wanke dutsen da ruwa da sabulu, domin dattin ƙarfe da maiƙon hannu sun rufe ainihin launinsa. Da ya bushe na fita da shi rana, na duba shi da gilashin ƙara girma na ɗakin gwaje-gwajenmu. Kyamarar waya ma tana yin wannan aiki idan an jawo hoton kusa. A wata kusurwa da ta ɗan ɓantare na ga jikinsa hawa-hawa ne, sirara ƙwarai, kamar gefen littafin da aka rufe. A tsakanin hawan kuma wasu ƙananan abubuwa suna ƙyalli idan na karkata shi.

Don in gwada, na aro dutsen kanti a wajen wani mahauci. Bambancin a fili yake. Na kanti gefensa a miƙe yake kamar an ja da rula, kusurwoyinsa daidai, launinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma gida biyu ne aka manna, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi. Da na tsoma shi a ruwa sai ya riƙa fitar da kumfa yana shan ruwan kamar soso. Malam ya ce da yawa daga irin waɗannan da wani sinadari ake yin su mai suna kaborandam, wanda wani Ba'amurke, Edward Acheson, ya gano a 1891. Ana dafa yashi da wani irin gawayi a tanderun lantarki, a niƙa abin da ya fito, a cura shi. Dutsen kakana bai yi kumfa ba, gefensa ba daidai ba ne, kuma babu masana'antar da za ta tsaya jera masa waɗannan siraran hawa. Maganar yayanmu ta faɗi ke nan.

Saura ta Baffa. Malam ya buɗe mini wani littafin tarihi ya nuna mini hoton abin da ake kira gatarin aradu. Dutse ne mai faɗi a baki, tsukakke a gindi, an goge bakinsa har ya yi kaifi. Mutanen da ne suka sassaƙa shi da hannunsu tun kafin a san ƙira, suna ɗaura shi a ƙota suna sare itace. Idan ruwan sama mai ƙarfi ya wanke ƙasa sai ya fito fili, manomi ya tsince shi bayan daren da aka sha tsawa, shi ya sa ake danganta shi da aradu. Ba mu kaɗai muke da wannan fahimta ba. Yarabawa suna danganta irin waɗannan duwatsu da tsawa, Turawa ma a da haka suka ɗauka. Masu haƙar kuza a ƙasar Jos sun tono da yawa, kuma ana ajiye irinsu a gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952. Namu dutsen ba shi da baki ko gindi, ba shi da kaifi ta kowane gefe. Lotsawar da ke tsakiyarsa ta nuna a kansa ake goga wani abu.

Na tambayi Malam ko akwai dutsen da yake faɗowa daga sama da gaske. Ya ce akwai, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna a duniya a nan kusa da mu ya faɗo. A watan Oktoba na 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a wata gona kusa da Zagami a ƙasar Katsina, daga baya masana suka tabbatar daga duniyar Mas ya taso. Irin waɗannan duwatsu sukan zo da baƙin ɓawo kamar an babbaka su, sukan fi duwatsunmu nauyi, kuma mafi yawansu maganaɗisu yana kama su saboda ƙarfen da ke cikinsu. Na samo maganaɗisu daga lasifikar wata tsohuwar rediyo na kanga a jikin dutsenmu. Ko motsi bai yi ba.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi ba ni aiki: da me aka gina jikinsa? A nan Malam ya koya mini ma'aunin tauri. A 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera ma'adinai goma, daga mafi laushi zuwa mafi tauri, ya ba su lamba 1 zuwa 10. Ƙa'idar mai sauƙi ce: mai tauri yana karce mai laushi, mai laushi ba ya karce mai tauri. Daimon ne a lamba 10. Farin dutsen nan mai sheƙi da ake ƙyasta wuta da shi, wanda iyayenmu ke kira ƙanƙara, littattafan kimiyya kuma suke kira kwaz, yana lamba 7. Farcen mutum yana wajen 2 da rabi, jan ƙarfe wajen 3, kwalba wajen 5 da rabi, ƙarfen wuƙa kuma tsakanin 5 da 6 ko sama kaɗan. Kun ga ke nan kwaz ya fi wuƙa tauri. Yashin da muke takawa kullum, mafi yawansa ɓarɓashin kwaz ne. Wannan ita ce amsar dalilin da ya sa dutse yake cin ƙarfe. Guduma tana fasa dutse da ƙarfin duka, amma a wajen guga ƙwayar kwaz ce take karce ƙarfe.

Sai na jera kayan gwajina: farce, guntuwar wayar lantarki ta jan ƙarfe, ƙusa da kwalbar lemo. Farce bai yi masa komai ba. Waya ta bar jan layi a jikinsa, da na goge da yatsa sai layin ya tafi, ashe wayar ce ta goge ba dutsen ba. Ƙusa ta ɗan kankaro gari lokacin da na bi da ita ta tsakanin hawa-hawan. Amma da na goga kusurwar dutsen a jikin kwalba, sai ga tabo ya fito wanda yatsa bai iya gogewa ba. Abin ya ɗaure mini kai: yaya ƙusa za ta kankare dutsen da yake karce kwalba? Malam ya ce in sake tunani. Idan sakamako biyu suka saɓa, wataƙila abu biyu ne a jiki ɗaya. Haka kuwa abin yake. Akwai ƙwayoyin kwaz masu tauri da suka karce kwalba, akwai kuma waɗannan masu ƙyalli da na gani a rana, waɗanda ake kira maika, taurinsu bai wuce na farce da jan ƙarfe ba. Su ƙusa ta kankaro.

Garin da ƙusa ta kankaro ban zubar ba. Na tara shi a murfin kwalba na matsa masa lemon tsami. Dutsen da ake yin siminti da shi, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe, idan garinsa ya haɗu da tsami yakan yi 'yan kumfa, domin wata iska tana fita daga cikinsa. Namu shiru ya yi. Don haka ba dangin wancan ba ne.

Gwaji na gaba shi ne na nauyi. Na ɗora shi a sikelin ɗakin gwaje-gwaje, ya ba da giram 540. Na cika kwano da ruwa fal, na ajiye shi cikin faranti, na saka dutsen a hankali. Ruwan da ya zuba a farantin na auna, ya kai mililita 200. Idan ka raba 540 da 200 za ka samu 2.7, ma'ana dutsen ya ninka ruwa mai girmansa nauyi sau 2.7. Kwaz zalla 2.65 yake bayarwa, maika kuma ta ɗan ɗara haka, don haka lissafin ya dace da abin da ƙusa da kwalba suka nuna. Da dutsen yashi ne mai ƙofofi a jiki, da lambar ta sauko ƙasa, da kuma ɗigon ruwan da na sa masa ya nutse nan da nan. Da tama ce, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe, da lambar ta haura sosai.

Ranar Asabar na tafi maƙera. Malam da kansa ya ce in je, domin a cewarsa akwai abin da hannun maƙeri ya sani wanda sikeli ba ya faɗa. Na tarar da wani dattijon maƙeri yana gyaran bakin garma, yaronsa yana zuga. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baba, wani dutse na kawo a duba mini." Ya karɓa, ya shafa shi da babban yatsa, ya ɗiga masa ruwa, ya ɗauko wata ƙaramar wuƙa ya goga sau kaɗan. Ruwan ya koma kamar kunu mai launin toka, can kuma ya yi baƙi. Ya ce, "Jikan wanzami, wannan ba na fartanya ba ne. Ka kai masa fartanya, ka cuce shi. Na aska ne."

Ya nuna mini nasa duwatsun guda biyu. Ɗaya babba ne mai kaushi, irin dutsen da ake fasawa a yi tsakuwar gini, shi yake fara fitar da bakin gatari da shi. Ɗayan matsakaici ne na wuƙa da lauje. Ya ce mai kaushi yana da sauri amma yana barin zane a ƙarfe, mai laushi kuma shi yake share zanen. Sannan ya faɗi maganar da na riƙe har yau: "Dutsen kirki yana cin ƙarfe, ƙarfe ma yana cin sa. Wanda ya ƙi ciwuwa, santsi yake yi ya daina aiki. Wanda ya cika ciwuwa kuma, kafin shekara ya ƙare."

Da na koma gida na sake goga wuƙa a dutsen, na bar baƙin ruwan ya bushe a takarda, na kanga maganaɗisuna. Garin ya taso ya manne. Ƙarfen wuƙar ne dutsen ya cinye. Ranar Litinin na kai wa Malam maganar maƙeri, ya ce babu abin da littafi zai ƙara a kai sai sunaye. Ƙwayoyin kwaz su ne haƙoran dutsen. Maika mai laushi ita ce take riƙe da su. Idan haƙoran sama suka dakushe, maika takan sake su, su bi ruwa su zama wannan kunun, sababbi masu kaifi su fito daga ƙasa. Dutsen da kwaz ɗinsa ya manne da juna gam ba ya sakin tsofaffin haƙora, shi ne mai santsin da maƙeri ya faɗa.

Daga nan Malam ya tuna mini da darasin da muka yi a aji ɗaya, cewa duwatsu gida uku ne. Akwai daskararru, waɗanda suka sandare daga narkakken dutse, kamar giranit mai manyan ƙwayoyi da ake yin dutsen niƙa da tsakuwar gini da shi. Akwai tararru, waɗanda yashi ko laka suka taru suka danne juna har suka zama dutse. Akwai kuma rikiɗaɗɗu, waɗanda zafi da matsi na cikin ƙasa suka sauya wa kama. Ya ce in duba abin da na rubuta in zaɓa. Hawa-hawa sirara, maika a jere tana kallon gefe ɗaya, kwaz ƙanana ƙwarai, ba ya shan ruwa. Na ce rikiɗaɗɗe ne. Ya ce na yi daidai, sunansa shist. Asalinsa laka ce da lallausan yashi da suka kwanta a ƙarƙashin ruwa, ƙasa ta matse su ta gasa su.

Tambaya ta uku ta rage. Malam ya shimfiɗa taswirar duwatsun Najeriya, irin wadda hukumar binciken duwatsu ta ƙasa take bugawa, hukumar da aka kafa tun 1919. Ya nuna mini cewa ƙarƙashin ƙasar Kano da kewayenta akwai tsofaffin duwatsu, giranit ɗin cikinsu ya kai shekara wajen miliyan 600, a samansu kuma ga jar marmara irin wadda ta lulluɓe kan Dala da Goron Dutse. Sannan ya ɗora yatsa a kan wasu dogayen zirare da suka miƙe daga kudu zuwa arewa, inda shist yake: Anka da Maru a Zamfara, Birnin Gwari a Kaduna. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Kazaure, inda tsaunukan nan suke idan ka wuce Dambatta a hanyar Daura.

Da yamma na shiga ɗakin Kaka na zayyana mata komai. Da na ambaci Kazaure sai ta yi dariya ta ce, "Ai daga can ya zo da shi. Shekarar da aka haifi ubanka ya tafi cin rani wajen Kazaure da Roni. Wani tsohon wanzami da ya sauke shi a gidansa shi ya ba shi, da zai dawo." Na ce, "Haba Kaka, kin sani kika bar ni ina ta yawo?" Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Kowa yana ta faɗin nasa. Kuma ni inda ya fito na sani. Ko mene ne shi, kai ka gaya mini yanzu."

Abin da taswira ta nuna da abin da tsohuwa ta tuna sun haɗu a wuri ɗaya. Daren nan na yi wa iyayena bayani a zaure, na sake yin gwajin kwalba da na maganaɗisu a gabansu. Baffa ya daɗe yana kallon dutsen bai ce komai ba. Da mai sayen ya dawo, Baffa ne da kansa ya fita ya ce masa mawashin aska ne, ba gatarin aradu ba. Mutumin ya hau babur ɗinsa ya tafi. Baffa ya sayar da ɗan akuyarsa ya sayi taki, kuma na san abin bai yi masa daɗi ba a lokacin. Dutsen yana ɗakin Kaka, duk mai son wuƙarsa ta yi kaifin gaske a gidanmu wajenta yake zuwa aro.

Daga baya na karanta cewa mutane a ko'ina suna daraja irin wannan dutse. A Eidsborg ta ƙasar Norwe an yi fiye da shekara 1,000 ana haƙar mawashi ana kai shi wasu ƙasashe a jiragen ruwa, kuma shist ne mai kwaz da maika, ɗan uwan na kakana. A jihar Akansas ta Amurka akwai wani dutse da kusan duk jikinsa kwaz ne mai ƙananan ƙwayoyi ƙwarai. A Beljiyam akwai wani rawayan dutse da masu aski suke ji da shi, wanda haƙoransa wani ma'adini ne mai suna ganet. A Japan kuma, duwatsun da ake haƙa kusa da birnin Kiyoto su kafintoci da masu ƙera wuƙa suke nema. Waɗannan duk an rubuta tarihinsu, an san ramin da kowanne ya fito. Mu ma muna da daɗaɗɗiyar sana'ar ƙarfe, domin masu binciken tarihi sun samo shaidar narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7. Duk inda aka yi ƙira kuwa an yi washi. Sai dai labarin namu duwatsun yana bakin tsofaffi, kuma tsofaffin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Ga kaɗan daga abin da na koya game da amfani da mawashi. A riƙa sa masa ruwa, domin ruwa ne yake kwashe garin ƙarfe kada ya toshe haƙoran dutsen. A fara da mai kaushi a ƙare da mai laushi. A bi duk tsawon dutsen, kada a tsaya a tsakiya kaɗai, don kada ya lotsa da wuri. Idan an kai wuƙa wajen mai injin washi a kasuwa aka ga bakinta ya yi shuɗi, zafi ya yi mata yawa, taurinta ya ragu, ba za ta daɗe da kaifi ba. Sannan ku sani, washi ba ya kashe ƙwayar cuta. Aska ko reza da ta taɓa jinin wani tana iya ɗaukar cutar hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki komai kaifinta, shi ya sa ma'aikatan lafiya suke cewa kowa ya yi aski da tasa.

Garinmu yana alfahari da makarantar kimiyya, ɗaya daga cikin biyun farko da Jihar Kano ta buɗe a 1977, ɗayar tana Dawakin Kudu. Amma kun ga yawancin kayan da na yi aiki da su: ƙusa, waya, kwalba, lemon tsami, kwano da faranti. Ko makarantarku ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, sikelin mai shago zai auna muku nauyi, robar ruwa mai lamba a jiki za ta auna muku ruwa.

Don haka ga aikin hutu. Kowa ya nemi mawashin gidansu, da izinin mai shi. Ku wanke shi, ku duba shi a rana, ku zana shi a littafi. Ku gwada taurinsa, ku ɗiga masa ruwa, ku auna nauyinsa, ku rubuta abin da kuka gani ko da ya saɓa wa abin da kuke zato. Ku yi hankali da kaifi, ƙanana kuma su yi a gaban babba. Bayan haka ku je wajen wanda ya fi kowa tsufa a gidan ku tambaye shi wa ya kawo dutsen, daga ina, a wane zamani. Ku kai shi wajen maƙeri ko wanzami ko mahauci ku ji ta bakinsa. Wanda ya gama ya aiko mana da abin da ya samu, da sunan garinsu da na makarantarsu. Idan ɗalibai daga Bichi da Gwarzo da Kazaure da Funtuwa da Gusau suka aiko, za mu jera su a wannan shafi mu ga irin dutsen da kowane yanki yake wasa ƙarfensa da shi.